Rabin Lissafin da Ban Yi Ba

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ɗan garinmu ya riga ni. Na taɓa tsayawa a gaban jama'a da rana tsaka, lafiyata ƙalau, na shaida musu cewa zurfin rijiyar ƙofar gidanmu ya kusa mil biyar.

Ga yadda aka yi. Ina aji biyar a sakandaren kwana, a shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, aka sallame mu hutun bazara, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar fita. Na sauka daga mota a Rogo, na taka sauran hanyar zuwa ƙauyenmu da ke wajen Jajaye da akwatin ƙarfe a ka. Ba komai a cikinsa sai riga biyu da littafin fiziks, mai kaurin da in ka jefi jaki da shi sai ya kwana uku bai yi kuka ba. A littafin nan akwai wata dabara da ta hana ni sakat tun a mota: in ka saki dutse a rijiya, ka ƙirga daƙiƙun da ya yi kafin ka ji ƙarar ruwa, ka ninka adadin da kansa, ka kuma ninka sau goma sha shida, to ka sami zurfinta da ƙafa. Ko zaure ban shiga ba na tara yaran unguwa, na ce kowa ya rufe baki. Na saki dutse, na fara ƙirga. Biyar, shiru. Goma, shiru. Ashirin, gumi ya fara karyo mini. Sai da na kai arba'in wata akuya ta yi atishawa a bayana, na ce, "Ya isa!" Na duƙa na buga lissafi a ƙasa da tsinke, na sami ƙafa dubu ashirin da biyar da ɗari shida, na miƙe na yi sanarwa.

Kakana, mahaifin Baba, yana zaune a gindin ceɗiya yana kallona tun farko. Ya ce, "Kai ɗan boko, da hannuna na haƙa ta, gaba goma sha ɗaya ce. Dutsenka tun kana cewa biyu ya isa. Taɓo ya tarar, shi ya sa bai yi magana ba."

Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Manya ba wanda ya yi. A haka na san rijiyarmu ta ƙafe, don ba wanda ya rubuta mini a wasiƙa.

In kai yaro ne, mai karatu, ba ka san irin wannan shekarar ba, Allah kuma kada ya nuna maka. Damanar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba. Gyaɗa kuwa, in ka fasa ɓawo goma, da ƙyar ka sami ƙwaya uku, su ma a ƙanƙance kamar haƙoran ɓera. Gidanmu da na sani da ƙarar turmi safe da yamma ya koma daka sau ɗaya. Warin garin ma ya canza. Da, in ka shigo za ka ji hayaƙin kara da daddawa. Yanzu sai warin dabbar da ta faɗi a bayan gari ba wanda ya ga abin fiɗa a jikinta. Mata na tafiya rafi tun asuba su tona rairayi, su jira ruwa ya tsattsafo a ƙoƙo, ba sa dawowa sai rana ta take. Inna ta rame har zaninta yana zagaya ta sau biyu da rabi.

Shawarar da aka yanke ita ce a ƙara wa rijiyar zurfi. Mai shiga kuwa Baffa ne, ƙanen Baba, wanda ya gaji haƙa daga Kaka. Gajere ne, mai faɗin ƙirji da yawan barkwanci, tun ina firamare yake kirana Injiniya, saboda na taɓa kwance masa tocila na kasa mayarwa. Shi zai sauka da dagi, ya sari ƙasa ya cika bokitin ƙarfe, ya girgiza igiya. Baba da Kawu, yayan Inna, su jawo. A bakin rijiyar an gindaya wani ƙaton itacen kirya, baƙi wuluk, igiyoyin shekara arba'in sun yi masa kwarmi kwarmi. Ta cikin kwarmin nan igiyar rama ke bi, su biyu suna ja da baya suna nishi.

Ni an hana ni taɓa igiya. Baba ya ce, "Kai aikinka karatu. Gonar bana ba ta ba mu komai ba, kai ne gonar da ta rage." Saboda haka aka shimfiɗa mini tabarma kusa da Kaka, na buɗe littafi na shiga wata duniya.

Duniyar littafin nan daɗi gare ta. Katako na gangarowa daga kan gangara, a ce ka nemi saurinsa. Duwatsu biyu a bakin igiya ɗaya an rataya su a kan gare mai kwarmi, wanda mu 'yan makaranta muke ce wa fuli, a ce wanne zai rinjayi wanne. Ba mai jin yunwa a cikinta. Igiyarsu ba ta da nauyi, ba ta tsinkewa, ba ta cin hannu. Kusan kowace tambaya kuma da sharaɗi ɗaya take farawa: ka ɗauka babu guga. Guga nake nufi ta gogar abu da abu, wadda ke sa kaya ya yi taurin ja. Malaminmu, wani Ba'indiye mai gilashi, in ya zo kanta sai ya murza tafukansa har su yi zafi, ya ɗaga mana su, ya ce wannan ita ce ɓarauniyar ƙarfi, duk injiniyan kirki da ita yake yaƙi har ya mutu. Na haddace wannan kamar karatun allo.

To ina ɗaga kai daga shafi, sai ga ɓarauniyar a gabana tsirara. Igiya na kuka a kan kirya, ƙiii, ƙiii, har ƙauri take yi, mahaifina na jan ta jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke.

Na je wajen mai sayen gyaɗar ƙauyenmu na aro sikelin ratayawa. Bai ma tambaye ni me zan yi da shi ba, don tun kaka ba abin da ya auna, har zanzaro ya yi gini a ƙugiyarsa. Na auna bokiti cike da ƙasa, laba sittin. Na ɗaura sikelin a igiya na roƙi Baba da Kawu su ja ta kan itace, allura ta haura ɗari da goma. Wato laba hamsin cur itacen nan yake cinyewa a kowane ja! Na ji kamar na kama ɓarawo a cikin rumbu.

Da aka tashi shan kunu na tsaya a gabansu na ce, "Na gano matsalar. Zan raba rijiyar nan da guga."

Kaka ya ce, "Madalla. In an sami ruwan sai mu riƙa ɗiba da hularka."

Na ce ba gugan ɗibar ruwa ba, gugar igiya da itace. Ya sani sarai, tsokana ce irin ta kaka da jika. Na zana musu a ƙasa: gwafa biyu, ƙarfe a gicciye, wilin keke a tsakiya, igiya ta bi ta kwarminsa. A janye kirya gefe.

Kaka ya daina murmushi. Ya ce, "Itacen nan da kake rainawa, shi ne mutum na uku a bakin rijiya. In kana ja, ya yi maka gardama, gaskiya ne. Amma in ka gaji, shi yake riƙe maka."

Na ce, "Kaka, wannan ba ya cikin littafi."

"Wanda ya rubuta littafin ya taɓa shiga rijiya?"

Baffa ne ya raba gardamar. Kwana goma yana haƙa bai ƙara zurfin ko gaba guda ba, don rabin yini yana tsugune a ƙasa yana jiran masu ja su huta. Kawu kuma yana son ya tafi Karaye ko zai sami aikin dako ya kawo wa iyalinsa tsaba. Baffa ya dubi Kaka ya ce, "Baba, a bar Injiniya ya gwada. In abin nasa bai yi ba, mu rataye shi a jiki mu juya." Kaka ya kalli ɗansa, ya kalle ni, ya jawo carbinsa.

Na samo tsohon wili a wurin mai gyaran keke a Rogo. Baba ya saro gwafanni, maƙeri ya ba mu ƙarfe. Man kaɗanyar Inna, wanda take ɓoyo a ƙasan faifai don kaushin ƙafa, na ɗebo rabinsa na shafe ƙarfen da shi, har yau ban gaya mata ba. Aka mirgine kirya zuwa gindin katanga.

Kuma abin ya yi, wannan shi ne baƙin cikin. Da bai yi ba, da an yi mini dariya an wuce wurin. Na sa sikeli, allura ta tsaya a sittin da uku. Baba shi kaɗai ya jawo bokiti yana waige-waige, kamar mai neman wanda ke taya shi a ɓoye. Ƙauye ya taru. Tsofaffin mata suna tafa hannu suna salati, yara na rigimar wanda zai juya wili, har wani mutum ya zo daga Beli a kan jaki takanas don ya gani. Ni kuwa na sa hannu a aljihu ina zagayawa, ina amsa tambayoyin da ba a yi mini ba. Da a ranar an ce gwamna na nemana, cewa zan yi ya jira. Abin da aka haƙa a kwana huɗu ya fi na kwana goman baya. A rana ta uku Kawu ya ga ba shi da aiki, ya yi sallama ya tafi Karaye. A ta huɗu Baffa ya aiko da wani abu a saman bokiti, dunƙulen rairayi mai danshi. Inna ta ɗauka ta manna a kumatunta.

Rana ta biyar, da hantsi. Na sake shafa mai da safe, na koma tabarmata. Na tuna har tambayar da nake yi, ta wata mota da ta taka birki. Baba na ja shi kaɗai. Daga baya na ji cewa rabonsa da abinci tun shekaranjiya, tuwonsa yake turo mini yana cewa ya ci a waje. Rairayi mai danshi ya fi busasshe nauyi, igiyar kuma duk ta yi laka. Bokiti ya iso baki. Da can Kawu ne ke miƙa hannu ya jawo shi gefe, yanzu sai Baba ya riƙe igiya da hannu ɗaya ya miƙa ɗayan.

Ba abin da ya karye. Gwafa ba ta motsa ba, igiya ba ta tsinke ba. Wilin ya yi aikinsa daidai yadda na tsara, ya juya sumul, ba ko ƙara, sai wani siririn fito kamar na tsuntsu. Na ga Baba ya damƙi igiya da hannu biyu tana zarewa ta cikin tafukansa, na ji ya ƙwala kiran ƙanensa. Daƙiƙa biyu ne. Ban so in lissafa ba, kaina ne ya yi da kansa, har da saurin da bokitin ya isa da shi. Wannan karon an ji ƙara.

Jama'a suka taru ana ta salati. Wani saurayi maƙwabcinmu ya ɗaura igiya a ƙugu zai sauka, wasu suka nufi wili da ita. Kaka, wanda sai an kama shi yake miƙewa, ya tashi da kansa ya ce, "Ku tumɓuke wannan. Ku dawo mini da itacena." Ta kan kirya aka zura saurayin, ta kanta kuma maza shida suka jawo Baffa a hankali, suna ja suna tsayawa.

Da ransa. Ya ji fiton sai ya manne da bango, bokitin ya kuskure kansa ya same shi a ƙasan ƙeya. Yana magana, yana gane mutane, amma daga ƙirji zuwa ƙasa bai san an taɓa shi ba. Maɗori ya zo ya lalluba bayansa, ya wanke hannu, ya ce wannan ba ɗori ba ne. Aka kai shi wajen malamin asibiti a keken shanu, shi ma ya duba ya ce ƙashin baya ne, a mai da shi gida a riƙa juya shi, a yi ta addu'a.

Ina ta jiran a zage ni. Wallahi da Baba ya ɗauki sanda ya farfasa mini jiki, da na ji sauƙi. Ba wanda ya ɗora mini laifi. Masu zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce, suna dafa kaina, suna tambayar yaya karatu. Baba na zaune a zaure da hannuwa a naɗe cikin tsumma, fatar tafukansa ta tafi da igiya, sai Inna ta ba shi kunu a baki. Shi a ganinsa shi ya sakar wa ƙanensa bokiti. Muna haɗuwa a ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai ya ba ɗan'uwansa hanya.

Ranar da zan mayar da sikeli na tsaya a bakin rijiya. Ba kowa sai Kaka. Na cika bokitin da ƙasa, ya ɗan lotse a gefe amma yana ɗauka. Na zura shi ta kan kirya kamar kamu biyu, na ɗaura sikeli, amma ban ja ba. Riƙewa kawai na yi, na dubi allura. Laba talatin da uku. Na sassauta hannu kaɗan, igiya ta yi ƙiii ta tafi a hankali, na matse, ta tsaya cak. Kaya na laba sittin, itace ya ɗauke kusan rabi. Mutumin da bai ci abinci ba ma zai iya riƙe wannan da hannu ɗaya. A kan wilina kuwa dukkan sittin ɗin a tafin Baba suke. Ba wani lissafi ne mai wuya ba, yana nan a babin da na haddace: guga ba ta da gefe, duk inda igiya ta nufa sai ta tare ta, ko sama ko ƙasa. Na auna ja, ban auna riƙo ba.

Kaka ya ce, "Nawa ya ce?"

Na faɗa masa.

Ya jinjina kai ya ce, "Ni ban san yawansa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Na san abin, na kuma bari aka janye shi. Je ka mayar wa mutum da kayansa."

Na ce ba zan koma makaranta ba. Labari ya kai wa Baffa, ya aika a kira ni. Ɗakin na warin magani da fitsari, matarsa na korar ƙuda da mafici. Ya rame, amma bakin na nan. Ya ce, "Injiniya, an ce za ka zauna gadina. Tsoro kake in gudu?" Na fashe da kuka. Ya ce, "Kai, rufe mini baki. Ni na ce a gwada, ko ba ni ba ne? Tuwon yayana ka cinye na wata guda, ka tafi ka rubuta abin da ya sa aka ba ka. In ka faɗi, kada ka shigo mini ɗaki."

Na koma. Makonnin nan na yi karatun da ban taɓa yi ba, don in na rufe littafi fiton wili nake ji. Na bi tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, na gangara, na majajjawa, na tsani a jingine da bango. Duk inda aka ce in ɗauka babu guga sai in ɗauka, in rubuta da hannuna, in ja layi a ƙarƙashin amsa, don haka ake cin maki. Shafukan fuli ne kawai na haɗa na soke da ƙaya, na ce in sun fito na faɗi. Abokaina sun ga na daina surutu, suka ce aljanun ƙauye ne suka shafe ni. Na bar su a haka. Ranar jarrabawa na buɗe takarda, na duba daga farko har ƙarshe. Ba fuli ko ɗaya. Na amsa abin da aka tambaya, har da sauran lokaci.

Yanzu in na je gida, famfon burtsatse ne a ƙofar masallaci, yaro ɗan shekara shida yana buga shi da hannu ɗaya yana cin rake da ɗayan. Rijiyoyin da suka rage a gonaki ma da yawansu fuli ne a kai, na ƙarfe, mai kyau, ba kuma na cewa laifi ne. Sai dai in na ga ana yasa, mutum a ƙasa, mai ja shi kaɗai a sama, nakan tsaya in yi ta faɗa har a kira na biyu a naɗa igiya a jikin wani abu. Suna ce mini tsoho mai rigima. Masu sanin dalili sun kusa ƙarewa.

Rijiyarmu, wasu mahaƙa aka ɗauko daga Karaye suka ƙarasa ta, gaba ɗaya da rabi suka ƙara suka tarar da ruwa. Sakamako ya fito bayan damana, na ci fiziks da kyau, ita ce ma na fi ci. Baffa bai ji ba. Ya rasu kwana ashirin da uku bayan faɗuwar bokitin, ranar wata Alhamis, tun ba mu fara rubuta takardar farko ba. Baba ya hana a aiko mini. Sai da na dawo da akwatina na nufi ɗakinsa in ce masa na rubuta, na tarar an naɗe tabarmar.